Kuɗin hayar da nake biya zai rage mini haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Zariya, albashina naira 200,000 a wata, ina biyan hayar 400,000 a shekara a Samaru. An ce yanzu ana cire kuɗin haya daga haraji. Ke nan harajina zai ragu da 400,000?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A'a, ba daga harajin ake cirewa ba. Daga kuɗin shigarka ake cirewa tukuna, sannan a yanka haraji a kan abin da ya saura. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta yarda a cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, kada dai ya wuce 500,000. Kai naka 80,000 ne. Ana kuma cire kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da inshorar lafiya, da inshorar rai.

Mu yi lissafi. Albashinka na shekara 2,400,000. A ce kashi 8 na fansho a kan dukkan albashin ake ɗauka, wato 192,000. Cire shi, cire 80,000 na haya, saura 2,128,000. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta. Ragowar 1,328,000 ita ake ɗaukar kashi 15 a ciki, ya kama 199,200 a shekara. Da ba a cire komai ba, 240,000 za ka biya. Ka ga rangwamen haya shi kaɗai 12,000 ya rage maka. Ba yawa, amma ai ya fi babu, kuma haƙƙinka ne.

Sai dai ba ya zuwa da kansa. Fansho ofishin biyan albashi ke cirewa kai tsaye, haya kuwa kai za ka bayyana, da shaida. Masu gidaje da dama a Samaru da Sabon Gari da baki suke karɓar kuɗi, don haka ka matsa wa mai gidanka ya ba ka rasit da takardar yarjejeniya, ka kai wa akantan ofishinku, tunda harajinka Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna ake turawa. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado a cikin birni ba shi da rabo a wannan rangwame.