Na kwana biyu ina naƙuda aka yi mini aiki, shin za a sake?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. A haihuwata ta fari na kwana biyu ina naƙuda a gida, daga baya aka kai ni asibiti aka yi mini aiki. Surukata ta ce raki ne ya hana ni yunƙuri. Yanzu cikina wata shida. Me ya jawo haka, kuma dole sai an sake yi mini aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki cire batun raki daga ranki. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko za ta kwana tana yunƙuri ba zai wuce ba. Ƙugu kan zama matsattse ga yarinyar da ta ɗauki ciki ƙashinta bai gama girma ba, ko wadda ta taso ba ta samun isasshen abinci. Wani lokacin kuma jaririn ne ya wuce kilo 4, abin da muke yawan gani ga masu ciwon suga, ko ya kwanta a gicciye, ko ya taho da ɗuwawu. Akwai kuma mahaifar da ba ta matsawa da ƙarfi.

Kwana biyun nan su suka fi tayar mini da hankali. Daga lokacin da bakin mahaifa ya buɗe santimita 5 zuwa 10, ba kasafai mai haihuwar fari ke wuce awa 12 ba. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale, yana danne mafitsara jikin ƙashi har jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Wannan shi ne yoyon fitsarin da ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Allah ya kuɓutar da ke daga shi.

Ba kowace doguwar naƙuda ke ƙarewa da tiyata ba. In kai ya sauko sosai kuma bakin mahaifa ya buɗe duka, likita kan manna na'urar zuƙo a kan jariri ya taya ki ja yayin da kike yunƙuri. Kan zai ɗan kumbura, ya saɓe cikin 'yan kwanaki.

Batun sake aiki kuwa, ba dole ba ne. Cikin matan da aka yi wa aiki sau ɗaya suka gwada haihuwa da kansu, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 suna haihuwa ba tare da an sake yi musu aiki ba. Sai dai dalilin aikin farko shi ke da muhimmanci: in kwanciyar jariri ce, damarki babba ce, in ƙugu ne, ta ragu. Ki nemo katinki na wancan asibitin ki kai wurin awo.

Abin da nake roƙonki, kada ki yi wannan naƙuda a gida, domin ɗinkin mahaifa na iya fashewa. Kada ki yarda a yi miki allurar naƙuda a kemis, ko a ba ki jiƙon saurin haihuwa, ko yankan gishiri. Ku tanadi kuɗin mota da mai ba da jini tun yanzu, kuma maigida ya ba ki izinin tafiya ko ba ya gida. Da ciwo ya fara, ko faya ta fashe, ko kika ga jini, ki kama hanyar asibitin da ke da ɗakin tiyata.