Tambaya da Amsa: Wane ƙarfe ya dace da rarake cikin katako a kan inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, na daɗe ina murza ƙafafun gado da na kujera a injin juya katako. Yanzu masu saye sun fara neman akushi da ƙananan tukwane na ado. Na sa faffaɗan cizal ɗin da nake fere ƙafar gado da shi a cikin akushi, sai ya cafke, ya lanƙwashe daga wajen ƙota. Wane ƙarfe ya kamata in saya?
Wani kafinta daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, amma kada ka sake kusantar akushi da wannan cizal. Da fallen ƙarfe aka naɗe shi, wutsiyarsa da ke shiga ƙota siririya ce. A ƙafar gado jijiyar itace tana kwance ne a tsayin inji, shi ya sa yake tafiya lafiya. A akushi kuwa jijiyar a gicciye take, duk zagaye ɗaya bakin ƙarfe zai ci karo da kan jijiya sau 2. Nan ya cafke maka.

Kafin ka fitar da kuɗi, duba abu uku a jikin aikin: yadda jijiya ta kwanta, faɗin baki, da zurfi. Su ne za su zaɓa maka ƙarfe.

Ga akushi mai buɗaɗɗen baki, nemi cizal mai zurfin kwari wanda aka fafe daga dunƙulalliyar sandar ƙarfe, mai kaurin milimita 13, da doguwar ƙota. Ka wasa bakinsa a kan digiri 55 zuwa 60. Ana fara yanka daga leɓen akushi a gangara zuwa tsakiya, kwarin yana kallon inda allurar agogo ke nuna ƙarfe 2, bayan kaifin yana shafar katako. Da zarar bayan ya rabu da katako, ƙarfen ba shi da abin jingina, sai fizga. Ka haɗa da makankari mai zagayayyen baki, faɗin milimita 25, kauri 8 zuwa 10, don share gindi. Shi kuma ana ɗaga ƙotarsa ta ɗara bakin kaɗan, ya zama jan katako yake yi, ba tokare shi ba.

Tukunya mai ƙaramin baki wani sha'ani ne daban, domin ba ka ganin abin da kake yanka, da kunne da tafin hannu ake aikin. Ƙarfe biyu kake bukata. Na farko miƙaƙƙiyar sanda mai ɗan ƙaramin haƙori na milimita 5 a kai, ita ke buɗe tsakiya da gindi. Na biyu mai lanƙwasasshen wuya, wanda ke leƙawa ƙarƙashin kafaɗar tukunya. Lokacin saye ka ɗora shi a kan tebur ka duba: tsinin haƙorin ya zo daidai da layin tsakiyar sandar. Wajen aiki kuma miƙaƙƙen ɓangaren sandar ne zai hau majingina, wato ƙarfen jikin inji da ake ɗora sandar a kai, ba lanƙwasar ba. In lanƙwasar ta hau, katako zai murɗe ƙarfen a hannunka, ya fasa bakin tukunyar.

Ƙanƙantar haƙorin da gangan ce. Faffaɗan baki yana cin katako da yawa lokaci guda, kuma hannu ba ya iya riƙe wannan ƙarfi a can cikin rami.

Zurfi shi ke yanke kaurin sanda. Mai milimita 12 kada ta zarce majingina da fiye da santimita 12 zuwa 15. Mai 16 za ta kai wajen 20, mai 20 kuma wajen 28. In ka wuce haka za ka ji ƙarfen ya fara ƙugi yana karkarwa, bango ya fito da gurzu-gurzu. Abin da ke bayan majingina, sanda da ƙota, ya ninka wanda ya zarce aƙalla sau 5.

Ga tsarin aikin. Gama siffar waje tukuna, amma ka bar gindi da kauri don ya tallafi aikin. Huda rami a tsakiya har zurfin da kake so, domin tsakiya ita ce wuri mafi wuyar yanka, katako ba ya gudu a nan. Idan jijiya a tsaye take, kamar kofi ko ƙaramin turmin daka yaji, daga ramin ake yankowa zuwa bango. Ka riƙa gama bango kashi-kashi, santimita 3 ko 4 daga sama, kada ka koma inda ka riga ka sirance. Haƙori ya tsaya daidai tsakiya ko sama da ita kaɗan, kada ya sauka ƙasa. Ka yawaita tsayar da inji kana kwashe dusa, don idan ta cushe sai ta naɗe ƙarfen. Wajen gudun inji, ninka faɗin aikin a santimita da yawan zagaye a minti, lissafin ya tsaya tsakanin 15,000 da 23,000. Wato akushi mai faɗin santimita 20 zai yi zagaye 750 zuwa 1,150, kuma daga ƙasa ake farawa. Garkuwar fuska dole ce, hannun riga a naɗe.

Tambaya: Ƙarafan da ake kawowa daga Ingila sun fi ƙarfin aljihuna. Zan iya kai wa maƙeri tsohon magagari ko sifirin mota ya ƙera mini?
Wani mai koyo daga Damagaram

Amsa: Magagari a'a, ɗan'uwa. Ƙarfensa ya yi tauri har ya zama mai gautsi, kuma kowane zane a jikinsa wurin fara tsagewa ne. In ya cafke ba lanƙwashewa zai yi ba, tarwatsewa zai yi. Sifirin mota yana yin makankari mai kyau idan maƙerin ya iya ba shi ruwa, sai dai ka riƙa tsoma shi a ruwa lokacin washi. Da bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi.

Hanyar da muka fi so ita ce ka haɗa sandar da kanka. Sami dunƙulalliyar sandar ƙarfe mai milimita 16, tsawon santimita 45. A huda kanta zurfin santimita 2, a yi wani ƙaramin rami a gefe, a yanka masa zare don sukurun da zai danne haƙori. Haƙorin kuwa gutsuren ƙarfen HSS ne, wato ƙarfen yanka mai jure zafi, mai kusurwa huɗu, milimita 5, irin wanda masu injin fere ƙarfe ke aiki da shi. Ka zagaye bakinsa, ka wasa a kan digiri 70 zuwa 75, ya leƙo da milimita 10 kawai. Santimita 10 na sandar ya shige cikin ƙota mai zoben ƙarfe. Ba aikin rashi ba ne: David Ellsworth na Amurka, wanda ya yi suna da tukwane masu siririn bango tun shekarun 1970, da ƙarafan da ya haɗa da hannunsa ya yi aikinsa.

Akwai kuma haƙori na kabaid, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, zagayayye, wanda ba a wasawa, in gefe ya dakushe sai a juya. Yana jure itace mai tauri irin ƙirya da marke, waɗanda ke cinye kaifin ƙarfe nan da nan. Amma mai shimfiɗaɗɗen sama kankara yake yi, a itace mai laushi kamar malaina yana yage jijiya, kuma in ya ƙare sai ka nemi sabo. Mai koyo ya fara da HSS, ya koyi washi.

Tambaya: Sau biyu ƙarfe yana ɓullowa ta bangon tukunyata, wadda ta tsira kuma ta tsage bayan mako guda. Laifin ƙarfen ne?
Wata mai sana'ar kayan ado daga Kaduna

Amsa: Ba laifinsa ba ne, Malama. Ɓullowar rashin awo ce. Lanƙwasa waya mai kauri ta yi kamar baka, ki bar tazarar milimita 12 tsakanin bakunanta. Ki tsayar da inji, ki sa baki ɗaya ya taɓa bango ta ciki. In ratar da ta rage a waje milimita 4 ce, kaurin bangon 8 ke nan. Ki auna bayan kowane yanka biyu ko uku, musamman a kafaɗa da inda bango ke karyawa zuwa gindi.

Tsagewar kuwa daga ɗanyen itace take, mangwaro ne ko darbejiya. Gindi mai kauri da bango siriri ba sa bushewa tare, sai ɗaya ya ja ɗaya. Ko dai ki sirance aikin duka daidai, milimita 5 ko 6, a zama ɗaya, ko ki bar kaurin kashi 1 cikin 10 na faɗinsa, ki shafe kan jijiya da kakin zuma, ki ajiye a inuwa cikin buhun takarda wasu watanni, sannan ki mayar kan inji ki ƙarasa. A lokacin hunturu, in za ki tashi ko na minti 10 ne, ki rufe aikin da leda.