Me ya sa likita ya ƙara wa ɗana allurar girma?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 7 yana karɓar allurar somatropin saboda jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin girma, kuma likita ya ƙara masa adadin, hankalinki ya tashi. Ki kwantar da hankalinki, domin da nauyin yaro ake auna maganin. A farko ana ba da miligiram 0.025 zuwa 0.035 a kan kowane kilo a kullum. Yaro mai kilo 20 zai samu tsakanin miligiram 0.5 da 0.7 ke nan. Yana ƙara nauyi, dole adadin ya bi shi, in ba haka ba maganin ya yi masa kaɗan.

Bayan nauyi, duk wata 3 zuwa 6 likita na auna tsawonsa, yana kuma duba gwajin jini na IGF-1, wani sinadari da ke nuna yadda maganin ke aiki a jiki. In IGF-1 ɗin ya haura iyaka, rage maganin ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Galibin irin allurar nan sai cikin firji, a sanyin digiri 2 zuwa 8, ga kuma yadda wuta ke ɗaukewa a wajenmu. Kada ta daskare, kada ta sha zafi. Ki riƙa yi masa da dare, kina sauya wurin allurar.

In ya fara matsanancin ciwon kai da amai, ko ɗingishi da ciwon ƙugu ko gwiwa, ki kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ƙara masa lafiya.