Uba yana ba ɗansa umarni daga bakin fili: taimako ne ko rikitarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan shekara 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Kaduna, kuma yana buga wa makarantarsu ƙwallo a tsakiya. Ni ma na buga ƙwallo sosai a unguwa da ƙuruciya, na san kan abin. Duk ranar da suke da wasa nakan rufe shago in je in tsaya bakin fili, ina gaya masa inda zai tsaya da lokacin da zai ba da ƙwallo. Makon jiya malamin wasanninsu ya ja ni gefe ya roƙe ni in daina, wai ina rikita yaron. Abin ya yi mini ciwo. Shi kuma yaron ya gaya wa mahaifiyarsa ba sai na riƙa zuwa ba. Shin laifi ne uba ya gyara wa ɗansa? Daga wani uba a Tudun Wada.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri. Na daɗe ina horar da yaran makaranta, kuma abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai yi shekara uku yana buga wasa ba wanda ya taɓa zuwa daga gidansu ya kalle shi. Uban da zai rufe shagonsa ya zo ya sha rana saboda ɗansa ya yi abin a yaba. Amma gaskiya ɗaya ce, malamin nan bai zalunce ka ba. Ka ci gaba da zuwa, ka bar ba da umarni.

Ka sa kanka a matsayin yaron. Ƙwallo ta taso tana zuwa wurinsa. Kafin ta iso ƙafarsa, a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, dole ya waiwaya ya ga wa ke bayansa, ya ga ina abokan wasansa suke, ya yanke shawarar ko ya tare ta ko ya miƙa ta nan take. A daidai wannan lokacin ne muryarka ke shigowa. Ita kuwa muryar uba ba ta ɓacewa cikin hayaniya. Ko mutum ɗari na ihu, taka zai tsinta, domin da ita ya tashi. Sai hankalinsa ya bar ƙwallo ya koma gefen fili. Kafin ka gama cewa "ba shi, ba shi!" kafar da ka hango ta riga ta toshe. Ka kuma tuna kai kana tsaye a gefe kana ganin fili gaba ɗaya, shi kuwa yana tsakiyar ƙura da tsayin ɗan shekara 12, manyan yara sun tare masa gaba. Abin da kake gani a sarari, shi sau da yawa ba ya ganinsa ko kaɗan.

Wannan ma ƙaramin abu ne a kan wanda ya fi damuna. A gidajenmu maganar uba umarni ce, kuma mu da kanmu muka tarbiyyantar da su a kan haka. To, a ce lokacin hutun rabin lokaci koci ya ce wa ɗanka, "Kada ka hau gaba, ka tsaya gaban 'yan baya ka riƙe mai lamba goman can." An dawo fili, kai ba ka ji wannan magana ba, sai ka ga yaronka ya maƙale a baya, ka ɗaga murya: "Hau gaba mana! Me kake tsoro?" Yanzu ya zai yi? In ya bi ka, ya saɓa wa malaminsa, in aka zura musu ƙwallo ta wurin da ya bari, laifinsa ne a gaban abokansa. In ya bi malam, ya yi kunnen uwar shegu da maganar mahaifinsa a bainar jama'a, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ba kuma zai iya tsayawa ya ce "Baba, koci ne ya ce in tsaya" ba. Abin da nake gani yaran suna yi shi ne su tsaya tsaka-tsaki, ba su hau ba, ba su koma ba, sai wasan ya lalace musu gaba ɗaya. Daga nan uba ya ƙara ihu, domin a ganinsa yaron ya yi sanyi. Garin neman gira a rasa ido.

Saƙon da ya bi ta hannun mahaifiyarsa ma ka karanta shi da kyau. Yaro mai kunya ne, ba zai iya kallon idonka ya faɗa ba, shi ya sa ya bi ta inda 'ya'yanmu suka saba bi. A fahimtata, yana so ka gan shi yana wasa, abin da ya gaji da shi shi ne buga ƙwallo yana jin kamar jarrabawa yake rubutawa kana tsaye a kansa.

Ko a wasan manya, dokar ƙwallon ƙafa ta taƙaita masu ba da umarni. Akwai ɗan wurin da ake shata wa masu horarwa a gaban bencinsu, kuma doka ta ce mutum ɗaya ne kawai a lokaci guda zai ba 'yan wasa umarni daga wurin. Ƙwararrun da ake biya albashi ke nan, balle yaran ƙaramar sakandare. A Ingila, hukumar ƙwallon ƙasar ta fito da shirin mutunta juna a 2008, inda a wasannin yara ake ja wa 'yan kallo iyaka nesa kaɗan da layin fili. A 2022 kuma ta ware wani ƙarshen mako da aka nemi iyaye su kalli wasa da tafi kawai, ba ihun umarni. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai, sai dai a wurinmu ta fi nauyi saboda girman da maganar uba take da shi.

Akwai kuma asarar da ba a ganinta sai an jima. Ƙwallo wasa ne na yanke shawara, kuma ba a koyon yanke shawara sai an yanke, an yi kuskure, an ga sakamakon. Yaron da kullum ake gaya masa "buga", "tare", "juya" yakan taso da ƙafa mai kyau amma kansa na jiran a ba shi izini. Kaduna gari ne da ya san 'yan ƙwallo. Tawagar da ta ci wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai haifaffun garin nan a ciki, irin su Daniel Amokachi, wanda ya buga wa ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro. A wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2, Babayaro da Amokachi kowannensu ya zura ɗaya. Ka tuna kai ma yadda ka koyi taka ƙwallon a filin unguwa: duwatsu biyu ne raga, ba koci, ba alƙali, in ka yi kuskure ka gyara da kanka a karo na gaba. Wannan 'yancin ne ya sa har yau kake ji ka san kan abin. Ɗanka ma yana buƙatar irinsa.

Ba iyaye maza kaɗai ba ne, kuma ba ƙwallo kaɗai ba. Na taɓa ganin haka a gasar gidaje ta wata makaranta, a gudun miƙa sanda na 'yan mata. Mun yi makonni muna koya wa wata yarinya ta sa ido kan alamar da muka yi mata a ƙasa, kada ta tashi sai mai kawo sanda ta taka wurin. Ranar gasa mahaifiyarta, saboda tsabar zumuɗi, ta ƙwala mata kira tana cewa ta ruga. Yarinya ta tashi kafin lokaci, ta fice daga yankin da aka yarda a karɓi sanda hannunta babu komai, aka fitar da gidansu. Kukan da ta yi a ranar har yanzu ina tuna shi, kuma uwar ba ta nufi komai ba sai alheri.

To me za ka yi a bakin fili? Ka ja baya kaɗan daga layi, kada ka tsaya bayan raga ko kusa da bencin koci. Ka yi tafi, ka ce "madalla", "sannu da ƙoƙari", "haka ake yi". Bambancin mai sauƙi ne: yabo yana zuwa bayan yaro ya gama abin da ya yi niyya, umarni kuwa yana shiga gabansa ya ƙwace masa shawara. Ka yaba wa sauran yaran ma, har da na ɗaya makarantar in sun yi abin kirki. Alƙalin wasa kuma ka ƙyale shi. A wasannin makaranta yawanci wani malami ne ya taimaka ya riƙe usur, zai yi kuskure a satar gida ko bugun fenariti, kuma duk kalmar da ka jefa masa ɗanka yana ji yana ɗauka.

In an tashi, hanyar komawa gida ba wurin bitar kurakurai ba ce. Yaro ya gaji, in an ci su kuma zuciyarsa na tafasa. Ka saya masa ruwa, ka ce ka ji daɗin kallonsa. In shi ya ɗauko maganar, ka tambaye shi: "Lokacin da ka riƙe ƙwallon nan, me ka gani?" Za ka sha mamakin amsar, domin sau da yawa yana da dalilin da kai ba ka hango ba. Ilmin ƙwallon da kake da shi kuma kada ka binne shi. Ranar Asabar da safe ku fita ku biyu, ka koya masa tare ƙwallo da ƙafar hagu, ka jefa masa ya saba da karɓa da ƙirji. A nan kai ne malami, ba mai jayayya da kai.

Shirun nan yana da iyaka. In yaro ya bugu a kai ya tashi yana layi ko yana cewa kansa na juyawa, ka sa a fitar da shi, kada ya koma wasa a ranar, a kai shi asibiti a duba. Haka in ana buga wasa cikin zafin Maris da Afrilu ba a ba yara ruwa, ko ka ga malami yana duka ko zagi. A irin wannan haƙƙinka ne ka yi magana, ka kai har wurin shugaban makaranta in ta kama.

Shawarata ta kusa ita ce ka koma wurin malamin nan a ranar da ba wasa, ku gaisa, ka tambaye shi me yake so yaron ya gyara, domin abin da za ku yi a gida ya dace da abin da ake koya masa a makaranta. In kana da ra'ayi kan wurin da ake sa shi, a nan za ka faɗa, ba a gaban yara ba. Sannan ka kira ɗanka ku biyu kawai, ka ce masa, "Wasa mai zuwa zan zo, amma kallo kawai zan yi, abin da kocinku ya ce shi za ka bi." Wataƙila a wasan farko ka ga yana ta waiwayenka yana jiran ihun da ya saba. In kun haɗa ido, ka ɗaga masa hannu ka yi murmushi, ka bar shi ya koma kan ƙwallonsa.