Baje kolin SEMA ko Overland Expo?

Malam, ka tambaya ko mai sha'awar motocin shiga daji zai samu shiga baje kolin SEMA na kayayyakin motoci da ake yi a Las Vegas ta Amurka. Gaskiya wannan na 'yan kasuwa ne, sai ka nuna shaidar kana harkar motoci kafin su ba ka katin shiga, ban da ranar Juma'a ta ƙarshe da suke sayar wa kowa tikiti.

Da ni ne kai, Overland Expo West, baje kolin motocin shiga daji da kayan zango, zan nufa, a Flagstaff ta jihar Arizona, cikin watan Mayu. Tikiti kawai za ka yanka. Can za ka taka tsani ka leƙa tantin da ake kafawa a rufin mota, ka murza tayoyin yashi da hannunka, ka tsare mai kaya da tambayoyi. Ka riƙe rigar sanyi, garin kan tudu yake, dare na da sanyi.