Wane ne Leclerc da aka sa wa tankar yaƙi sunansa?

Tambaya: Malam, na ji tsofaffi a nan Damagaram suna ambaton wani Janar Leclerc da ya yi yaƙi a Sahara, kuma na ga ana kiran wata tankar yaƙi ta Faransa da wannan suna. Mutum ɗaya ne? Da gaske ne daga ƙasarmu ya tashi da rundunarsa? (Mai karatu daga unguwar Birni, Zinder)

Amsa: Malam, mutum ɗaya ne, amma daga Cadi ya tashi. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai biyayya ga Jamus, kuma haka ta zauna har ƙarshen 1942, alhali Cadi, ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun watan Agusta na 1940.

Sunansa na yanka Philippe de Hauteclocque, an haife shi a arewacin Faransa a 1902, ya yi makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, sannan ya ƙware a rundunar mahaya dawaki. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, sau biyu ana kama shi yana kuɓucewa, har ya isa Landan, inda ya ari sunan Leclerc don kada a taɓa iyalinsa da ya baro gida. De Gaulle ya tura shi Kamaru, daga nan aka ba shi jagorancin sojojin Cadi.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ya faru ne tun bai da tanka ko ɗaya. A farkon 1941 ya keta hamada da mutane kusan 400 a cikin tsofaffin motoci, akasarinsu baƙaƙen fata 'yan Afirka, da igwa guda, ya kewaye sansanin Italiyawa a Kufra, kudu maso gabashin Libiya, har suka miƙa wuya ranar 1 ga Maris. Washegari ya sa mutanensa rantsuwa cewa ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a kan babbar majami'ar Strasbourg, birnin Faransa da Jamus ta ƙwace. Bayan ya ci yankin Fezzan na Libiya, ya haɗu da rundunar Ingila ta Janar Montgomery a Tarabulus cikin Janairun 1943.

Tankokin sun zo ne a wannan shekarar, lokacin da aka kafa masa runduna ta biyu ta masu sulke a Maroko, aka ba ta tankoki ƙirar Sherman na Amurka. A nan ne kuma aka yi abin da, a ganina, bai kamata a tsallake shi ba idan ana yabon wannan runduna: an cire baƙaƙen sojojin da suka sha ƙishirwar Kufra da Fezzan, aka maida su wasu rukunoni. Amurkawan da suka ba da kayan ba sa haɗa baƙi da farare a rukuni ɗaya a lokacin, shugabannin Faransa kuwa suka amince. Saboda haka mazan jiyan da suka yi rantsuwar, da yawansu ba su ga cikarta ba.

Rundunar ta sauka Normandi a farkon Agustan 1944, ta shiga Paris, kwamandan Jamus von Choltitz ya miƙa wuya ranar 25 ga watan, sannan ta karɓi Strasbourg ranar 23 ga Nuwamba. Leclerc ne ya sa hannu a madadin Faransa ranar 2 ga Satumba 1945 da Japan ta saduda, daga nan aka tura shi Indocina. Ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Colomb-Béchar a Aljeriya ranar 28 ga Nuwamba 1947, kwana shida bayan cikarsa shekara 45. An ba shi muƙamin Marshal a 1952, tankar da kuka gani kuwa ta fara aiki ne a shekarun 1990, kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ta saye ta.