Ba laifin keke ba ne, ƙanwata

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin haɗa ƙyallayen da kika tara za ki yi wa jariri bargo, ɗinkin ya tattare, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, har kina zargin kekenki. Ki bar keke ya huta. Ni ma da tsohuwar Butterfly ta ƙafa nake yi, shekara 9 ke nan.

Farkon farawata buhu guda na kwaso wajen teloli a Kasuwar Barci ta Kaduna, na gwama atamfa da shadda da leshi wuri ɗaya. Wanki ɗaya wata ta tsuke, wata ta saki, jar ta zuba a kan farar. Wallahi sai da na yi hawaye, don na 'yar fari ta ne.

Saboda haka ki fara da warewa, auduga da auduga. Mu da muka taso a Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki, kafin a rufe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 2002, mun san taushin auduga a hannu. Yanzu roba ta cika kasuwa. Ki gutsuri bakin ƙyallen ki kanga masa ashana: auduga takan ci ta bar toka da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Waɗanda suka tsira ki wanke kowace kala daban, ki goge kafin almakashi ya taɓa su.

Ki yanki kwali inci 5 kowane gefe, da shi za ki fitar da duka, ban da yankan ido. Ki bi tsayin zaren yadin, domin abin da aka yanka a karkace miƙewa yake a ƙarƙashin allura, shi ne tattarewar da kike gani. Bakin ɗinki kwatan inci, kada ya sauya, ni salatif na manna a kan keke nake bi. Kowane zai koma inci 4 da rabi, guda 80, wato 8 a layi 10, sun ishi jariri.

Guga kuma ba a ƙarshe ake yinta ba. Layin farko ki kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biyu hagu, za ki ji kusurwoyin sun shige juna da kansu.

A tsakiya ki sa tsohon bargo marar nauyi, soso yana sa zufa. Ki kama shi da ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe. In kin fara yanzu, da yardar Allah kafin hunturu ya kankama kin gama.